Makullin kwamfuta a hannun wa? Nazarin yadda wata cibiyar koyar da kwamfuta a Kano ta koma Linux

Cibiyar tana wani layi a bayan Zoo Road, a saman wani shagon ɗinki. Ɗaki biyu ne da baranda. Ɗaya aji ne, inda ake koya wa matasa da matan aure buga rubutu, lissafi a tebur da shiga intanet. Ɗayan na kasuwanci ne: buga takardu, hoton fasfo, katin biki, da cike fom ɗin makarantu. Mai wurin wata Hajiya ce, tsohuwar malamar sakandare da ta zuba kuɗin sallamarta a harkar. Ba ta iya gyaran kwamfuta ba, ba ta kuma taɓa cewa ta iya ba, amma babu takardar da za ta fita daga firinta ba ta san kuɗinta ba. Ma'aikata uku ne: malamin aji, sakatariya, da wani yaro mai zanen kati.

Kwamfutocin goma sha wani abu ne, duk na gwanjo, an sayo su a Beirut Road a lokuta daban-daban. Yawancinsu giga 4 ne ƙwaƙwalwarsu. Abu biyu ne suka tilasta canji. Na farko tsoho ne: bairos ɗin da ke zuwa a filash ɗin kwastomomi, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, har ya zama kusan kowane wata sai an wanke wata kwamfuta an sake ɗora mata komai. Na biyu kuma sanarwar Microsoft ce cewa daga 14 ga Oktoba 2025 ta daina tallafa wa Windows 10, alhali Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da ya fi nasu sabunta. Ko ɗaya a cikin kwamfutocin bai cika sharaɗin ba, kuɗin sayen sababbi kuwa babu.

Ɗan yayan Hajiya, wanda a lokacin yake shekarar ƙarshe a fannin kwamfuta a Jami'ar Bayero, shi ya kawo shawarar Linux. Ma'aikatan wurin Injiniya suke ce masa. Bayanin da ya yi mata gaskiya ne. Tun 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin a samar da babbar manhajar da kowa ke da ikon ya yi amfani da ita yadda ya so, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya rubuta zuciyar tsarin, wadda ake kira kanel. Daga haɗuwar biyun aka samu ɗaruruwan nau'o'i, kowane da halinsa. Babu kuɗin lasisi, kuma bairos ɗin filash da aka rubuta don Windows ba ya tashi a kai. Hajiya ta ce, "In dai yara za su koyi karatunsu, kwastoma ya karɓi takardarsa, je ka yi."

Zangon farko: komai a kan mutum ɗaya

Injiniya ya zaɓi Arch Linux, nau'in da Judd Vinet ya fara a 2002. Arch ba ta zuwa da komai sai abin da ka ɗora mata da hannunka, kuma ba ta da sigar shekara-shekara; kullum sababbin manhajoji ke kwarara, kai kuma kana binsu. Dalilinsa ba na burga ba ne kawai. A kwamfuta mai giga 4, duk abin da ba a ɗora ba sauƙi ne ga injin. Kuma an ga amfanin: kwamfutocin da a da sai an kunna su an je an yi alwala an dawo kafin su gama buɗewa, sai ga su suna tashi nan take. Ya sa musu fuskar Xfce mai sauƙin nauyi, ya ɗora LibreOffice ta buga rubutu da lissafi, da Firefox ta shiga intanet, ya cire duk abin da yake ganin ɗalibi zai iya ɓarna da shi.

A cikin abin da ya cire har da buɗewar filash da kansa. Ya rubuta wani ɗan umarni nasa wanda sai an buga shi a taminal, wato baƙar tagar nan ta rubuta umarni, kafin filash ya bayyana. Sakatariya ta rubuta umarnin a takarda ta manna da salatif a gefen allo. Ga yadda abin yake a aikace: kwastoma ya miƙo filash yana sauri zai kai takarda Sakatariyar Audu Baƙo kafin a tashi, ita kuma tana duban takarda tana duban madannai, ta buga harafi babba a inda ake son ƙarami, tagar ta mayar mata da layin Turanci da ba ta san kansa ba, ta goge ta sake. Mutumin ya ce, "Baiwar Allah, ko in je gaba?" Sau da yawa gaban suke zuwa. Idan Injiniya yana nan, daƙiƙa biyu ne. Yana nan kuwa kusan kowace yamma, shi ya sa babu wanda ya ɗauki abin a matsayin matsala.

Sai bautar ƙasa ta zo, aka tura shi wata jiha a kudu.

Watanni suka wuce ba a sabunta komai ba, domin shi kaɗai ya san kalmar sirrin mai iko, shi kaɗai kuma ya san yadda ya ƙulla abubuwan. Ranar da wani shafin cike fom ya ƙi karɓar tsohuwar Firefox ɗin da ke kwamfutar sakatariya, aka kira shi a waya. Ya faɗa mata kalmar sirrin, ya ce ta buga sudo pacman -Syu, wato umarnin sabunta tsarin. Tsarin ya ƙi, yana ƙorafin sa hannun da bai gane ba, abin da ya saba faruwa ga Arch idan ta daɗe ba a sabunta ta ba, saboda makullan tantance manhajoji sun tsufa. Ya karanto mata gyaran harafi-harafi. Aka wuce nan, aka sauke kaya masu yawa da datar da Hajiya ta saya tana ƙunƙuni, ana tsakiyar ɗora sabuwar kanel wuta ta ɗauke. Kwamfutar ta tebur ce, ba batir. Da aka tada janareta, ba ta sake tashi ba.

A nan akwai wani bambanci na fasaha da ya kamata a fahimta, domin shi ne ya mayar da ƙaramin hatsari babba. Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, da danginta suna ajiye tsohuwar kanel a gefe idan sun ɗora sabuwa, ta yadda idan sabuwar ta samu matsala za ka zaɓi tsohuwar a jerin da ke fitowa lokacin kunnawa. Arch kuwa maye gurbin tsohuwar take yi, sai dai in kai da kanka ka ɗora ta biyu don ko-ta-kwana. Gyaran ba gagara ba ne ga wanda ya sani: a tada kwamfutar daga filash, a shiga tsarin da ya lalace ta ciki, a sake ɗora kanel. Amma ba aikin da za a karanta wa sakatariya a waya ba ne, layi yana yankewa. Kwamfutar da ta fi kawo kuɗi ta yi makonni a rufe da ƙyalle, a daidai lokacin da ɗalibai ke tururuwar cike fom.

Ban ga laifin Arch a nan ba. Masu ita ba su ɓoye cewa don mai son yin komai da hannunsa suka yi ta ba, kuma kundin bayananta na intanet yana cikin mafi kyau a duniyar Linux, har masu amfani da wasu nau'o'in suna zuwa can neman amsa. Abin da ya faru shi ne, lasisin ya ba Hajiya ikon gyara manhajarta, amma ikon a aikace yana cikin kan ɗan yayanta, kan kuma yana kudu. Da kamfani ne ya riƙe ta haka, da Injiniya ne zai fara kiran abin danniya.

Zango na biyu: an gudu ba a tsira ba

Hajiya ta kira wani mai gyara daga kasuwa ta ce ya mayar da Windows. Ya duba injinan ya ce mata gaskiya, sabuwar ba za ta zauna daidai ba, tsohuwar kuma kwananta ya ƙare, amma akwai wata Linux ɗin da ko yaro zai iya. Ya ɗora Linux Mint a kusan duka. Mint ta samo asali ne a 2006 a hannun Clément Lefèbvre, an gina ta a kan Ubuntu, wadda ita kuma Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004 daga jikin Debian, wani daɗaɗɗen nau'in Linux. Fuskarta ta yi kama da abin da mutane suka saba: maɓallin jeri a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Ka sa filash ya buɗe. Firintar HP ta ofis ta kama aiki ba a roƙe ta ba. Sakatariya ta ɓare takardar nan ta gefen allo ta jefa a kwandon shara.

Don kada a riƙa kiransa, mai gyaran ya yi asusu ɗaya tak a kowace kwamfuta, mai cikakken iko, mai shiga da kansa ba tambaya, ya sa kalmar sirri mai lamba huɗu, ya rubuta ta da alli a saman allon aji.

Makonnin farko kowa na murna. Daga nan ɓarna ta fara, irin wadda ba mugunta a cikinta. Ɗalibi ya ga bidiyo a YouTube, ya kwafi umarni ya liƙa a taminal, tsarin ya nemi kalmar sirri, ya ɗaga kai ya karanto ta a allo. Wani ya ƙara rumbunan manhaja na waje har sabuntawa ta rikice. Wanda ya fi kowa ƙwazo a ajin, mai son koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, ya karanta cewa akwai siga sabuwa, sai ya ce bari ya cire tsohuwar tukuna. Bai san cewa kayan aikin Mint da yawa a kan Python ɗin nan suke tsaye ba. Tsarin ya jero masa dogon jerin abubuwan da za su tafi tare da ita, ya tambaye shi ko ya amince, ya danna eh bai karanta ba. Da aka sake kunnawa, baƙin allo ne da ɗan layi yana ƙiftawa.

Kada a yi wa yaron dariya. A 2021 Linus Sebastian, ɗan Kanada mai ɗaya daga cikin manyan tashoshin fasaha a YouTube, ya yi irin wannan a gaban kyamara: yana ƙoƙarin ɗora manhajar wasanni ta Steam a Pop!_OS, wani nau'in Linux, tsarin ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman abubuwa, ya nemi ya rubuta cikakkiyar jimla ta amincewa, ya rubuta, fuskar kwamfutar ta tafi. Bayan haka masu kula da apt, manhajar da ke ɗorawa da cirewa a dangin Debian, suka cire wannan tambayar. Yanzu idan abin da za a cire yana cikin 'yan kayan da ta ɗauka ginshiƙan tsarin, ƙi take yi kai tsaye, sai wanda ya san abin da yake yi ya ƙara wani umarni na musamman. Sun gane cewa gargaɗi ba ya tsare wanda ya riga ya ƙudurta danna eh.

Amma abin da ya fi tayar wa Hajiya hankali ba baƙin allo ba ne. Wata rana ta tarar da ɗalibai biyu a kwamfutar ofis suna kallon hotunan fasfo na kwastomomi, har da takardun shaidar ɗan ƙasa da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, domin duk a asusu ɗaya suke. Mata da yawa suna kawo hotunansu wurin ne saboda mace ce mai shi. A ranar, da kanta ta goge kalmar sirrin daga allon aji.

Zaman da aka yi da hutun Sallah

Injiniya ya zo gida, aka zauna a baranda: shi, Hajiya, malamin aji da sakatariya. Ya fara da cewa da an bar tsarinsa da duk wannan bai faru ba, wanda gaskiya ne, ɗalibi ba zai iya cire komai a tsarinsa ba. Sakatariya ta ce, "Yaya Injiniya, a tsarinka ni ma ban iya komai ba." Hajiya ta bar su suka gama, sannan ta ce, "Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ba ka nan, wayarka kuma ba ta shiga, wa zai tada min kwamfuta?" Ya ce, "Gwaggo, ai sai a koya." Ta ce, "To koyarwar ita ce aikinka, ba ƙullin ba." Ta kawo misalin Kantin Kwari: yaron shago yana auna yadi ya karɓi kuɗi ba ya jiran kowa, makullin sito kuwa yana wurin maigida, kuma maigida mai hankali yana da na biyu a gida.

Abin da aka tsayar ya ɗauki ɗan wani abu daga kowane zango. An ci gaba da Mint, siga ta 22 da ta fito a 2024 a kan Ubuntu 24.04, wadda za a ci gaba da tallafa mata har 2029, aka zaɓi fuskar Xfce saboda ƙarancin ƙwaƙwalwar injinan. Injiniya bai so ba, yana cewa manhajojinta sun tsufa. Haka ne, sun ɗan tsufa, kuma tsufan nan shi ake nema: abin da ya yi aiki jiya zai yi gobe.

Aka raba iko hawa uku. Asusun ɗalibi ba ya iya ɗorawa ko cire komai a tsarin, ba ya kuma ganin fayilolin kowa. Asusun sakatariya yana da kalmar sirrinsa, an sa ta a rukunin masu kula da firinta don ta iya tada aikin da ya maƙale ba ta kira kowa ba. Ga sabuntawa kuma, Injiniya ya yi amfani da wata dama da sudo, umarnin aron cikakken iko, ke da ita wadda mutane da yawa ba su sani ba: ana iya ba mutum izinin umarni guda ɗaya tak ba tare da an ba shi sauran ba. Ya rubuta ɗan umarnin da ke fara ɗaukar hoton tsarin da Timeshift, manhajar da ke adana kwafinsa don a iya komawa gare shi in an samu matsala, sannan ya sabunta, ya mayar da shi maɓalli a fuskar kwamfuta mai suna Sabunta. Ana danna shi ranar Asabar da safe, janareta na aiki, ba a dogara da wutar gari ba. Kwamfuta ɗaya ce ke sauke kayan daga intanet ta ajiye, sauran su ɗauka daga wurinta, don kada a sayi data sau goma a kan abu ɗaya. Ga shi dai ƙwarewar nan tasa ce, irin wadda ya yi umarnin filash da ita, sai dai wannan karon ta ƙare a maɓallin da sakatariya ke dannawa da linzami.

Kalmar sirrin mai cikakken iko tana wurin mutum biyu, Injiniya da malamin aji, an kuma rubuta ta an rufe a ambulan a durowar Hajiya. Kusa da ambulan akwai littafi mai kauri da aka tilasta wa Injiniya cikawa da Hausa: abin da ya canza a kowace kwamfuta, dalilinsa, da yadda ake warware shi. Shafin farko shi ne abin yi idan wuta ta ɗauke ana sabuntawa: a zaɓi tsohuwar kanel in ta kama, sannan a buga sudo dpkg --configure -a. An ƙara wani shafin daga baya da jan biro, bayan sun gano cewa Timeshift tsarin take adanawa, ba takardun mutane ba. Aikin kwastomomi faifai daban aka saya masa.

Irin wannan rabon ba baƙo ba ne ga masu Mint ɗin kansu. A 2020, da suka ga Ubuntu tana mayar da mai neman manhajar shiga intanet ta Chromium zuwa shagon manhajojinta na Snap ba tare da ya nema ba, sai suka toshe Snap a Mint 20. Amma toshewar ɗan fayil guda ne mai suna nosnap.pref, sun kuma bayyana inda yake da yadda ake cire shi. Wanda bai san da shi ba yana cikin kariya, wanda ya sani kuma yana so, minti ɗaya ya ishe shi. A ganina a nan manhaja mai 'yanci ta fi ƙarfi, ba a yawan maɓallai ko ƙarancinsu ba.

Shawarar da ta fi burge ni ta malamin aji ce. Ya ce idan aka kulle komai, yaron nan mai Python ba zai sake koyon wani abu ba sai buga wasiƙa. Sai aka ware kwamfuta ɗaya a kusurwa, aka rubuta mata Ta Gwaji, babu fayil ɗin kowa a ciki, kalmar sirrinta a manne a jikinta. Duk mai so ya lalata ta, da sharaɗin shi zai tada ta daga filash. A kanta Injiniya ya ɗora Arch ɗinsa, kafin wata ɗaliba matar aure ta goge ta ta gwada Debian. Ita ce yanzu malamin yake turawa idan wata kwamfuta ta yi gardama, kuma ita ta gano cewa tsarin madannai na Hausar Najeriya yana cikin Mint tun asali, sai dai a kunna shi, aka huta da buga k a maimakon ƙ a katin biki.

Abin da bai warware ba

Takardun Word da kwastomomi ke kawowa wani lokaci suna zamewa a LibreOffice, layi ya tsallaka shafi. Ɗora salon rubutu na Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, ya rage abin sosai, bai kawar da shi ba. Iyaye kuma suna tambaya ko takardar shaidar da za a ba 'ya'yansu za ta ce sun iya Word da Excel, domin abin da masu ɗaukar aiki suka sani ke nan. Malamin yana koyar da abin da duk manhajojin suka yi tarayya a kai, amma wannan amsar ba ta gamsar da kowa.

Yaron zane kuwa ya ƙi Inkscape, manhajar zanen da ke aiki a Linux, ƙememe. Manhajar zane ta CorelDRAW ba ta da sigar Linux, kuma masu manyan injinan buga kati da yake kai wa aiki fayil ɗinta suke nema. Don haka kwamfuta ɗaya tana nan da Windows 10, an cire mata intanet gaba ɗaya, filash ɗin ofis kawai ke shiga cikinta. Injiniya yana son a ba shi damar shiga kwamfutocin daga nesa don ya riƙa duba su daga inda yake. Hajiya ta amince da sharaɗin sakatariya ce za ta buɗe masa hanyar idan an buƙace shi, ta rufe idan ya gama, kuma duk abin da ya taɓa sai ya karanto mata ta rubuta a littafin. Ya ce wannan zai ninka masa lokacin aiki. Har yanzu ba su daidaita a kan wannan ba, hanyar kuma tana rufe.